Zanen da Kawu Ya Yi Daga Ƙofar Yaya

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa a Kafanchan, kowa da irin Kawun da yake yi wa kuka. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun zo su shida, cikin kwat-kwat da suka yi musu yawa yanzu, suka jeru a benci ɗaya suna cewa duk ofishinsu ba a yi mai tsabtar hannu kamarsa ba. Ɗalibansa na makarantar koyon sana'a, waɗansu har da furfura, suna ba juna labarin yadda yake duba faratan mutum kafin ya bar shi ya taɓa takarda. Zumuntar mata suka buga tukwanensu, suka yi waƙa har gumi ya jiƙa musu anko. Wata tsohuwa daga ƙauyenmu na wajen Manchok ta kama hannuna ta ƙi saki.

"Sannu da haƙuri, 'yata," in ji ta. "Kawun ki ya zana mini gida tun ba ni da bulo ko ɗaya. Yana nan a bango na."

Na amsa mata, na amsa wa kowa, amma ban yi kuka ba, kuma na san mutane sun lura. Abin da yake damuna daban ne. Shekara tara ke nan da na kunyata Kawu a gaban dattawan ikkilisiya a kan wani zane nasa, kuma har ya rufe ido ba mu sake maganar ba. Na zo jana'izar da tambaya ɗaya: da fushina ya tafi, ko ya yafe mini? Wanda zai amsa kuwa yana cikin akwati.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Yaya yake ce mata har suka tsufa. Da babanmu ya rasu ina 'yar shekara tara, shi ya zo ƙauye ya ɗauke ni ya kawo Kafanchan don in yi makaranta. A gidansa na fara ganin akwatin da ba a taɓawa. Ɗan ƙaramin akwati ne na katako, an shimfiɗa masa koren ƙyalle a ciki, kowane ƙarfe da ramin da yake kwanciya: kamfas babba da ƙarami na zana da'ira, dibaida mai ƙafa biyu masu tsini ta ɗaukar awo, da alƙalamin tawada mai baki kamar na tsuntsu. Doguwar rularsa mai kai a gicciye, wadda ake ce wa tisukwaya, a ƙusa take rataye, don ya ce in aka jingine ta za ta lanƙwashe ta fara ƙarya. Kafin ya buɗe akwatin sai ya wanke hannu da sabulu ya goge da hankici. Fensir kuwa da reza yake fere shi, ya goga bakin a 'yar takarda mai yashi, ya hura, ya ɗaga shi wajen taga ya duba. In yana wannan hidima ko Fasto ne ya yi sallama sai ya jira.

Zane iri biyu ne a wajen Kawu. Akwai filan, wanda yake nuna gini daga sama kamar an cire masa rufi. Wannan na magina ne. Akwai kuma wanda yake kira zanen ido, wanda yake nuna gini yadda mutum zai gan shi in ya tsaya a gabansa, na kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance. Filan ne ya ciyar da shi, amma zanen ido yake ƙauna.

Wata Asabar ya kai ni bayan tasha, ya tsayar da ni a tsakiyar layin dogo, ya ce in duba gaba in faɗa masa inda ƙarafan biyu suka haɗu. Na nuna can nesa. Ya ce ƙarya ne, shi ya yi aiki a kan layin nan, ko'ina faɗinsu ɗaya, idona ne ya haɗa su. Wurin da suka haɗu ɗin ya kira shi mahaɗa, ya ce kullum daidai tsayin idon mai kallo take zama. Sannan ya ce in tsuguna. Na tsuguna, sai mahaɗar ta sauko tare da ni, taragon da ke gefe ya ƙara tsawo a kaina. Ya ce wannan shi ne layin ido, kuma shi ake fara ja a takarda kafin komai. Har yau in na tuna ranar nan sai in ji warin baƙin mai da zafin ƙarfe a tafin ƙafata.

Daga nan tambayarsa ta samo asali. Duk wanda ya kawo masa aiki, kafin a yi maganar ɗaki nawa ko taga nawa, sai ya ce, "Ina kake tsaye?" Tambayar ta bi shi har waje. In aka kira shi sulhu a matsayinsa na dattijon ikkilisiya, 'yan'uwa biyu suna rigima a kan iyakar gonar citta, sai ya sa kowannensu ya je ya tsaya inda ɗayan ya tsaya, ya sake faɗin abin da ya gani. Wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci a dawo da rigimar ta fi da. Matarsa, wadda dukanmu muke ce wa Anti, ita kaɗai ce take da maganinsa. Wata rana ta ce masa itace ya ƙare, ya ɗago daga allon zanensa ya tambaye ta ina take tsaye. Ta ce a kicin take tsaye, inda shi bai taɓa tsayawa ba. Ya tashi ya je ya sayo itacen.

Babbar rigimarsu a kan teburin cin abinci ce. Sau da yawa mahaɗar zane takan faɗa can waje da allo, inda rula ba ta kaiwa. Akwai ƙarfen da Turawa suka ƙera don wannan matsala, Kawu ya taɓa riƙe shi a ofis, amma bai taɓa mallakarsa ba. Dabararsa ita ce ya jawo teburin Anti kusa da allonsa, ya auna, ya buga 'yar ƙusa daidai inda mahaɗar ta faɗa, ya ɗaura zare, ya riƙa jan zaren yana bin sa da fensir. Anti ta yi faɗa, ta kai ƙara wajen matar Fasto, ta sayo leda mai furanni ta rufe teburin. Shi kuwa sai ya ɗaga ledar cikin ladabi ya buga ƙusarsa. Ranar jana'iza na ga baƙi suna shan gwate a kan teburin nan, wani yana sa ɗan yatsa a ramukan, yana cewa gara ta yi wa matar gidan ɓarna. Anti ta ji shi, ba ta gyara masa ba.

Ba na so in mai da shi mala'ika, don shi kansa ba zai yarda ba. Mutum ne mai taurin kai, mai riƙo, kuma bai iya yabo ba. In ka yi zane mai kyau sai ya ce, "Ba laifi," in kuwa ka bar tabon yatsa a takarda, ko ka kwana uku a kanta, sai ya yage. Ya yage mini nawa ba sau ɗaya ba. Amma shi ne kuma yake zama da gwauraye da tsofaffin da ba su iya karanta filan ba, ya tambaye su gidan da suke so, ya zana musu shi har da bishiyar mangwaro da igiyar shanya. Da yawa cikin gidajen nan ba a taɓa gina su ba. Na taɓa tambayarsa amfanin wahalar, ya ce ai mutum yana da hakkin ya ga abinsa ko sau ɗaya.

Saboda shi na karanta zanen gine-gine. Na samu aiki da wani kamfanin gini, na zauna a Jere, na koma aiki da kwamfuta, wadda take yin cikin minti biyar abin da Kawu yake yi da zare a mako biyu. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. A shekarun nan ne mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, maganarta ta ɗauke sai 'yan kalmomi. Shekara biyu ta yi a haka. Ina aika magani, ina buga waya, amma zuwana bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. In na zo, sai in tarar an yi mata wanka an kwantar da ita a falo saboda baƙuwa, in kwana ɗaya in gudu. Nakan ce aiki ne ya riƙe ni. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in ga matar da take ɗaukar buhun masara a ka ana ba ta kunu a cokali. Da damina ta rasu.

A lokacin ikkilisiyar ƙauyenmu tana shirin gina sabuwar majami'a a filin da ke tsallaken hanya daga gidanmu. Wani injiniya ya yi filan, dattawa suka juya shi sama da ƙasa ba su gane komai ba, sai suka roƙi Kawu ya yi musu zanen ido da za a kafa ranar godiyar girbi kowa ya gani. Ana saura mako biyu aka kira taron kwamiti bayan sujada, aka ce in zauna tunda 'yarsu ce ni kuma na san gini.

Kawu ya wanke hannu a buta, ya kwance zaren, ya shimfiɗa takardar a kan teburin baiko. Aiki ne mai kyau, kowane kwanon rufi da layinsa, dutsen bayan gari a wurinsa. Amma kallo ɗaya na yi na ga layin idon ya yi ƙasa ƙwarai, ginin ya miƙe sama kamar zai faɗo wa mutum, kuma ba daga gaba aka kalle shi ba, daga gefe ne, ta kusurwa. Ga kuma wani ɗan tabo mai maiƙo a kan ƙofar majami'ar. Da ina da hankali da na bari mun fita na tambaye shi a gefe. A wajenmu 'yar 'yar'uwa tana iya tsokanar kawunta a gida yadda ta ga dama, amma ba ta gyara masa magana a gaban dattawa. Na san haka sarai, na buɗe baki duk da haka. Na ce zanen zai ruɗi mutane, za su zaci ginin ya fi haka tsawo, in an gama su ce an yaudare su. Na ƙara da cewa, cikin dariya, yau ga Kawu da kansa da datti a takarda.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ina kike tsaye?"

"Inda littafi ya ce, Kawu. A gaban ƙofa, ƙafa biyar da rabi daga ƙasa."

Wani ya yi dariya. Na buɗe kwamfutata na nuna musu wanda na yi, mai launi, da shuɗin sama da furanni da motoci uku a harabar. Dattawa suka taso suka kewaye ni. Ma'ajin ikkilisiya ya ce a ƙara mota ɗaya. Kawu ya naɗe takardarsa a hankali, ya ɗaure ta da zarenta.

"To, ku yi da na yarinya," in ji shi. "Nata yana da motoci."

Nawa aka buga a babban ƙyalle aka rataya. Ya yi damina biyu a waje, launin ya koɗe, daga baya na gan shi an rufe buhunan siminti da shi.

Kawu bai taɓa ƙin amsa gaisuwata ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Yakan tambaye ni aiki, da hanya, da maigidana, da yara. Zane ne kawai ba ya shiga bakinsa. In na shigo akwatin yana buɗe, sai ya rufe shi ya ɗora hannu a kai. Wata Kirsimeti na tattara ƙarfin hali na durƙusa na ce, "Kawu, maganar ranar nan," sai ya juya ya tambayi Anti ko an ba ni abinci. Ni ma jininsa ce. Na ce a raina tunda haka yake so, shi ke nan. Ranar da aka keɓe sabuwar majami'ar an ajiye masa kujera a gaba, bai zauna ba. Na hango shi ta taga a tsallaken hanya, a ƙofar gidanmu, ya dafa bango ya tsuguna da tsofaffin gwiwoyinsa, ya daɗe a haka. Na ce wa maigidana, ka ga Kawu har yau bai huce ba.

Kwana uku bayan jana'iza dangi suka zauna a tsakar gida don a san inda kayansa za su. A al'adarmu kayan aikin namiji 'ya'yansa maza ko 'ya'yan 'yan'uwansa maza suke bi. Ni na zo ne kawai in zauna a bayan mata. An raba kwat da takalma da keke, sai Anti ta shiga ɗaki ta fito da akwatin nan, da tisukwaya, da wata doguwar takarda a naɗe, ta ratsa maza ta ajiye su a cinyata. Babban dattijon gidansu ya gyara murya ya ce kayan aikin namiji ba ya bin mace zuwa gidan wani.

"Shi ya faɗa da bakin shi," in ji Anti. "In kuna da magana, kun san inda muka kwantar da shi."

Babban ɗansa, wanda ma'aikacin asibiti ne, ya ce shi allura ya iya, ba kamfas ba, a bar wa mai shi. Maganar ta mutu a nan.

A ɗakin Anti na kwance zaren. Zanen majami'ar ne, takardar ta yi ja, tabon yana nan a kan ƙofa. Ta ce in juya bayan. Kawu yakan rubuta awonsa a bayan kowane zane, da ƙananan haruffan nan nasa masu tsayuwa kamar sojoji. Ya rubuta: Wurin tsayawa, ƙofar Yaya, kan kujerarta. Tsayin ido, ƙafa uku da inci ɗaya.

Anti ta zauna a bakin gado ta ba ni labarin abin da kowa a ƙauye ya sani ban da ni. Duk shekara biyun nan, kowace safiya akan fito da mahaifiyata a zaunar da ita a 'yar kujerarta a ƙofar gida, ta jingina da bango, tana kallon filin majami'a. Shekara arba'in ta yi a zumuntar mata, kuma kafin ciwon ita ce kan gaba wajen ɗebo ruwan buga bulo. Ta san ba za ta ga ginin ba. Kowace Asabar Kawu yakan hau mota zuwa Manchok, ya hau mashin zuwa ƙauye, ya zauna da ita. Da aka ba shi aikin zanen, sai ya zo da tef ya auna daga ƙasa zuwa idonta. Wai ta yi dariya da rabin bakinta, ta ce masa, "Akwati?" wato ko awon akwatin gawa yake yi mata. Ya ce mata ba akwati ba ne, majami'a ce. Da ya gama aikin fensir ya kawo mata takardar, ya riƙe mata ita a gaban fili. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga hannunta mai lafiya, wanda ta gama cin ƙosai da shi, ta ɗora yatsa a kan ƙofar. Bayan mako uku ta rasu. Mutumin da yake yage takarda saboda tabo ya bi zanen nan da tawada, ya kewaye wurin bai taɓa shi ba.

Na tambaye ta me ya sa bai faɗa ba ranar taron. Kalma ɗaya da ta ishe shi ya rufe mini baki.

"Da ya dawo na tambaye shi haka," in ji Anti. "Ya ce in ya faɗa a gaban dattawa, kowa zai sani ba ki san inda maman ki yake zama ba. Ya ce gara a ce hannun shi ya tsufa."

Na ce to fushin fa, da rufe akwatin. Ta ce kada ta yi mini ƙarya a kan mamaci, ya yi fushi sosai, kusan shekara guda. Bayan nan ba fushi ba ne. Ya rasa yadda zai faɗa mini ba tare da ya karya ni ba, kuma kowace shekara maganar ƙara nauyi take yi. Ta nuna mini can ƙasan takardar, inda akwai wani rubutun fensir mai rawa, na watannin ƙarshe da hannunsa ya fara karkarwa. Ya rubuta: A ba 'yar Yaya. Ta je ta zauna.

Washegari da safe na hau motar Manchok. Na samu kujerar a ɗakin ajiya, ƙarƙashin tsofaffin kwanduna, na goge ta, na kai ƙofar gida na ajiye inda bangon ya yi santsi saboda jingina. Na zauna na buɗe zanen a gabana. Da farko bai hau ba, rufin ya ɗan goce. Sai na tuna Mama ta fi ni gajarta, kuma ciwon ya karkatar da ita hagu. Na sunkuya kaɗan, na karkata. Kusurwar ginin ta hau kan kusurwar zanen, bakin rufi ya bi layinsa, dutsen bayan gari ya leƙo daidai inda Kawu ya sa shi. Majami'ar ta miƙe sama a kaina, doguwa, kamar yadda ya zana ta tun ba a ɗora tubali ɗaya a filin ba. Babu kuskuren inci ɗaya a ciki.

Wata tsohuwa 'yar zumunta ta zo wucewa da itace a ka, ta tsaya ta dube ni.

"Kai, 'yata, kin ba ni tsoro," in ji ta. "Na ɗauka maman ki ne."

A nan kukan da na riƙe tun Kafanchan ya zo, na Kawu da na Mama a haɗe, na yi shi a bakin hanya ban damu da mai wucewa ba. Na dai ɗaga takardar sama don kada hawaye ya ɗiga mata.

Na rubuta wannan ne don jikokinsa, waɗanda za su ga teburi mai ramuka su zaci gara ce, su san wane ne kakansu. Ubangijin da ya yi wa hidima ya hutar da shi, ya riƙe Anti da 'ya'yansa, ya ba mu ikon neman gafara tun mai ji yana da rai. Zanen yana bangon falona yanzu, na rataye shi ƙasa-ƙasa, baƙi suna tambaya ko ƙusar ce ta zame. Nakan jawo musu 'yar kujerar in ce su zauna.